Jibo Bakari Mai Raƙumi, 1922 zuwa 1998

 Shafin tarihi na wannan fitowa mun ba da shi ga marigayi Jibo Bakari, shugaban Sawaba, wanda Allah ya yi ma rasuwa a Yamai ran 16 ga Afrilu 1998.

Ga dalili. A watan Oktoba 2024 hukuma ta cire sunan Janar Digol daga wani babban titi na Yamai, ta sa sunan Jibo Bakari. Tun daga lokacin ƴan lakwal suke tambaya ko wane ne shi, amsar da aka fi ba su kuwa ita ce, shi ne mutumin da ya ce ma Faransa a'a a 1958. Amsar gaskiya ce, amma ba ta cika ba. Abu uku Jibo ya yi fama a kansu. Na ɗaya, talaka ya ci moriyar guminsa a cikin gida. Na biyu, ƙasa ta yi hulɗa da waje da bakinta, da wanda ta ga dama. Na uku, shugabanci ya fito daga ƙuri'ar jama'a wadda aka ƙidaya bisa gaskiya. Duwatsun murhu ne, in an ɗauke ɗaya tukunya ba ta zama. Shi ya sa muke so mu kawo labarin tun daga tushe.

Mun san a cikin masu karanta wannan takarda akwai waɗanda iyayensu suka bi raƙumi, alamar Sawaba, akwai kuma waɗanda iyayensu suka bi giwa, alamar RDA. Ba mu zo fama ma kowa tsohon miki ba. Ƙungiyarmu ta zumunci ce, ba ta wata jam'iyya ba. Za mu faɗi alherin mutumin, mu faɗi inda hanya ta ɓace, kowa ya auna da hankalinsa.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Jibo a 1922 a Sudure, wani ƙauye na bakin kogin Kwara kusa da Yamai, a gidan sarautar gari. Bazabarme ne, ƙauyensu ɗaya da Jori Hamani, kuma akwai dangantaka tsakaninsu. Ku riƙe wannan, don mutanen nan biyu su ne za su yi shekaru suna jayayya a kan makomar ƙasa.

Yana yaro aka kai shi Tawa riƙo wajen wani ɗan'uwan iyayensa, can ya shiga lakwal, can kuma Hausa ta zauna bakinsa. Wannan ya amfane shi ƙwarai daga baya, don yana iya tsayawa a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ya yi magana da jama'a ba tafinta. Daga Tawa ya wuce Yamai, daga nan aka tura shi Senegal, makarantar Wiliyam Ponti, inda Faransa ke horar da malamai da akawuna na dukan yankin Afirka ta Yamma da ke hannunta. Ya fito a 1941, ya zama mushen lakwal. Ya koyar a Birnin Ƙonni, ya koyar a Agadas.

Dattawa ba su bukatar a gaya masu yadda zamanin yake, amma yara suna bukata. Akwai lampo, wanda ake biya bisa kowane kai, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Akwai aikin tilas, inda ake ɗibar majiya ƙarfi daga gari a kai su gyaran hanya ko ginin bariki, sau da yawa lokacin da gona ke bukatarsu. Kwamandan yana da ikon jefa mutum kaso na kwanaki ba shari'a. Mutane da yawa sun ƙetare iyaka zuwa ƙasar Ingilishi don gudun waɗannan abubuwa, wasu ba su komo ba. Mushen lakwal yana cikin ƴan kaɗan da suka iya karanta dokokin Nasara, ya ga abin da ke rubuce bisa takarda, ya kuma ga abin da ake yi ma iyayen ɗalibansa. Daga nan siyasar Jibo ta tsiro.

SHIGA SIYASA DA RABUWA DA JORI

Bayan yaƙin duniya na biyu abubuwa suka fara sassautawa. A 1946 aka soke hukuncin kwamandan na ba shari'a, a watan Afrilu na shekarar kuma majalisar Faransa ta hana aikin tilas, da dokar da ke ɗauke da sunan Ufuwe Buwanyi na Kodebuwa. A shekarar ce aka kafa jam'iyya ta farko a Nijar, PPN, wadda ta haɗe da babbar ƙungiyar RDA da aka kafa a Bamako. Jori ya zama depite a Paris. Jibo ya bar alli da allo, ya zama babban magatakardan jam'iyyar, shi ke yawon gari gari yana kafa rassa.

A lokacin depitocin RDA suna ƙawance da jam'iyyar kwaminis ta Faransa a majalisa, gwamnoni kuwa sun sa ƴan RDA gaba da kamu da kora daga aiki. A 1950 Ufuwe ya ga wahalar ta yi yawa, ya yanke ƙawancen, ya nemi shiri da gwamnatin Faransa. Jori ya bi shi. Jibo ya ƙi, yana ganin shirin zai kai ga yin shiru a kan zaluncin da aka kafa jam'iyyar don a yaƙa. A 1951 ya rabu da PPN.

Ga mutum ba aikin gwamnati, ba jam'iyya. Ya koma noman lambu kusa da Yamai, ya kuma shiga aikin sandika, wato ƙungiyar ƙwadago. A watan Disamba 1952, bayan yajin aiki a ƙasashen yankin, Faransa ta fitar da dokar aiki wadda ta kawo awa 40 a mako, da hutu da albashi, da ƴancin kafa sandika. Amma doka bisa takarda daban, kanti da gareji daban. Aikin Jibo da abokansa shi ne bin lebura da direba da kuku suna nuna masu haƙƙinsu, suna tsaya masu gaban mai gida. A 1954 ya kafa jam'iyyarsa, UDN, wadda jama'a suka fi sani da Sawaba.

Kalmar tamu ce, ba ta bukatar fassara. Sawaba ita ce sauƙi bayan wuya, mutum ya sauke kaya ya yi numfashi. Tun 1950 ƴan NEPU na Kano, jama'ar Malam Aminu Kano, suke kiran wannan kalma a yaƙinsu da zaluncin hakimai, kuma akwai zumunci tsakanin ƙungiyoyin biyu, don kasuwa ɗaya ake ci, mota ɗaya ake shiga. Waɗanda suka ɗauki Sawaba bisa kai su ne ƙananan mutanen gari: direbobi da yaran mota, ƴan kamasho, teloli, mahauta, makaɗa, ƴan tebur, leburorin kantunan Turawa, ƙananan malamai, da ƴan ci-rani masu zuwa Kurmi suna komowa. Su ne mutanen da ƙafa ɗaya ke birni, ɗaya ke ƙauye, irinmu ke nan. Su suka kai maganar cikin karkara, musamman ƙasar gyaɗa, Maraɗi, Tasawa da Damagaram, inda manomi ke kai amfaninsa gaban sikelin da ba shi ke karanta shi ba, a ba shi farashin da ba da shi aka yanke ba, kafin ya kai gida kuma mai karɓar lampo na jiransa.

ƘURI'A TA ZO HANNUN KOWA

Kafin 1956 ba kowa ke zaɓe ba. Da farko sai sarakai, ma'aikata, tsoffin soja, masu patanti da makamantansu, daga baya aka ɗan faɗaɗa. Kuma akwati biyu ne a zaɓen majalisar ƙasa, na Turawa daban, na baƙar fata daban. A watan Yuni 1956 aka yi dokar da ake kira ta Defer, da sunan ministan da ya kawo ta. Ta ce duk wanda ya kai shekara 21, namiji ko mace, yana da ƙuri'a ɗaya, akwati kuma ɗaya ne. Ranar da wannan doka ta fara aiki, ƙuri'ar mai dakan gero ta zama daidai da ta kwamandan.

Jibo ya gane ƙuri'ar ƴan birni kaɗai ba ta kai shi. Ya haɗa kai da jam'iyyar BNA, wadda sarakai da yawa ke goyon baya. Da wannan haɗin ya zama magajin garin Yamai na farko da aka zaɓa, a ƙarshen 1956. A zaɓen Maris 1957 haɗin ya ci kujeru 41 cikin 60, PPN ta samu 19. A watan Mayu Jibo ya kafa gwamnatin ƴan ƙasa ta farko a tarihin Nijar. Da farko gwamna Bature ne shugaban majalisar ministoci, Jibo mataimaki, sai a Yuli 1958 ya zama shugaba. Soja, kuɗi, da hulɗa da waje duk sun zauna hannun Faransa.

Mulkin bai kai shekara ɗaya da rabi ba, don haka ba za a auna shi da gine-gine ba. Abin da aka gani shi ne inda ya dosa: a sa ƴan ƙasa a kujerun da Turawa ke riƙe, a saurari sandika, a kuma nuna ma sarki cewa akwai doka bisa kansa. Gwamnatinsa ta tuɓe waɗansu sarakunan kanto. Talakawan da suka sha wuya hannunsu sun yi murna, amma sauran sarakai suka tsorata, suka fara tunanin gobe. Haɗin da aka yi don cin zaɓe ya fara tsagewa, don ba a haɗa kura da akuya turke ɗaya a kwana lafiya.

A nan ya kamata mu faɗi abin da magoya bayansa ba su cika son ji ba. Sawaba da ta samu iko ba ta yi ma abokan hamayya sassauci ba. An matsa ma ma'aikata ƴan RDA, kuma a watan Afrilu 1958 an yi faɗa a titunan Yamai tsakanin magoya bayan jam'iyyun biyu, jini ya zuba. Wanda ke neman a girmama ƙuri'arsa, wajibi ne ya girmama bakin wanda bai zaɓe shi ba. Kowane ɓangare ya gaza a nan, kuma ƙiyayyar da aka shuka a lokacin ita aka girba daga baya.

WI DA NO

Game da waje, ra'ayin Jibo ya taso daga taswira. Nijar ba ta da teku. Gyaɗarmu tana fita ta jirgin ƙasan Najeriya zuwa Ikko, ko ta Dahome zuwa Kwatano. Goro daga kudu yake zuwa, dabbobinmu kudu suke tafiya, samarinmu ma haka. Ƙasa irin wannan, in ta tsaya ita kaɗai gaban Faransa, ba ta da ƙarfin ciniki. Saboda haka yana cikin masu son ƙasashe 8 na Afirka ta Yamma ta Faransa su zauna tarayya guda da gwamnati guda, saɓanin Ufuwe da ke son kowace ƙasa ta ƙulla da Paris ita kaɗai. Yana kuma duban Gana, wadda ta samu ƴanci a Maris 1957 ƙarƙashin Kwame Nkuruma, da Najeriya wadda ke kan hanya, a matsayin abokan zama na gaskiya, ko da yake ba harshen Nasara ɗaya ya mulke mu ba.

A 1958 Janar Digol ya komo mulki a Faransa, ya kawo sabon tsari. Kowace ƙasa za ta yi zaɓen raba gardama ran 28 ga Satumba. Wi na nufin zama cikin tarayya da Faransa, da mulkin cikin gida, amma soja da kuɗi da harkokin waje suna Paris. No na nufin ƴanci nan take, da yankewar duk wani taimako. A watan Yuli, a babban taron jam'iyyar PRA a Kwatano, inda aka naɗa Jibo babban magatakarda, an amince da neman ƴanci nan take. Da lokaci ya matso, yawancin shugabannin suka ja da baya. Shugabannin gwamnati biyu suka tsaya bisa no, Seku Ture a Gine da Jibo Bakari a Nijar.

Faransa ta bar Gine ta tafi, ta kuma hukunta ta da janye ma'aikata da kayan aiki. Nijar kuwa ba ta yarda ta sake ta ba, dalili kuma yana arewa. Tun 1954 ake yaƙi a Aljeriya, wadda muke iyaka da ita. A 1956 an samu man fetur a Saharar Aljeriya. A 1957 an ga alamun yuraniyom a ƙasar Agadas. Faransa tana shirin gwajin bam ɗinta a cikin Sahara, wanda ta yi a 1960. Gwamnatin da ke abota da Nkuruma a tsakiyar wannan wuri abu ne da Paris ba ta iya haɗiyewa.

Ana saura ƴan makonni zaɓe aka turo sabon gwamna, Kolombani. Aka ƙaro soja, motocinsu suka riƙa ratsa ƙauyuka. Kwamandodi suka fito fili suna yi ma wi aiki. Aka tara sarakai aka tuna masu waɗanda aka tuɓe. Manyan BNA, irin su Isufu Saidu Zarmakwai, suka bar Jibo suka koma wi tare da Jori da Bubu Hama. Da aka bayyana sakamako, wi ta samu wajen ƙuri'a 372,000, no wajen 102,000, wato 78 cikin 100 ga wi. Amma waɗanda aka rubuta sunansu sun haura 1,300,000. Ke nan kusan mutum biyu cikin uku ba su je akwati ba.

Adalci ne mu ce ba duk mai wi ne aka saya ko aka tsorata ba. Akwai masu hankali da suka dubi ƙasar, suka ga yaran da ke lakwal ba su kai 5 cikin 100 ba, likitoci da injiniyoyi ƴan ƙasa kuwa ana ƙirga su da yatsu, suka ji tsoron ranar da Bature zai kwashe kayansa dare ɗaya. Tsoron yana da tushe, abin da ya samu Gine ya nuna haka. Laifin da ke cikin zaɓen 1958 shi ne ba a bar jama'a su auna maganar biyu da kansu ba. Mai riƙe da akwati shi ne mai yi ma ɓangare ɗaya yaƙi.

AN RUFE ƘOFA

A watan Oktoba Jibo ya sauka. Aka rushe majalisa, aka sake zaɓe ran 14 ga Disamba. Haɗin masu wi ya samu kujeru 49, Sawaba 11, sa'annan aka soke sakamakon Damagaram da Tasawa inda Sawaba ke da ƙarfi. Ran 18 ga Disamba 1958 Jori ya zama shugaban gwamnati, ranar da aka kafa jamhuriya. A Oktoba 1959 aka haramta Sawaba. Ƴancin da Jibo ya nema a 1958 ya zo ran 3 ga Agusta 1960, shekara biyu kacal bayan an ce ƙasar ba ta shirya ba, amma shi yana gudun hijira a Bamako. A 1961 aka sa hannu bisa yarjejeniyar tsaro da Faransa, wadda ta shafi har ma'adinai irin yuraniyom. Daga nan har 1974 jam'iyya ɗaya ce a ƙasa, takarda ɗaya ake jefawa.

Ƴan Sawaba da suka rage cikin gida suka shiga wuya: kora daga aiki, kamu, duka. Da yawa suka gudu Kano, Gana da Mali. Jam'iyyar ta tura samari karatu ƙasashen gabashin Turai, waɗansu sun zama likitoci da injiniyoyi. Ta kuma tura waɗansu koyon yaƙi a Sin, Biyetnam ta Arewa, Aljeriya da Gana. Shugabanninta na waje sun ɗauka cewa da zarar an ga bindiga, talakawa za su tashi.

A Oktoba 1964 ƙananan rundunoni suka ƙetaro iyaka ta wurare da dama. Talakawa ba su tashi ba. Gwamnati ta samu labari tun da wuri, da taimakon Faransa, ta sa mutanen ƙauyuka farautar su da kibau da sanduna. An kashe waɗansu a daji, an harbe waɗansu gaban jama'a a Yamai. Ran 13 ga Afrilu 1965, a filin sallar layya, wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti don ya kashe Jori. Jori ya tsira, yaro ƙarami ya mutu. Bayan haka kamu ya game ƙasa, dubban mutane suka shiga kaso, da masu hannu da waɗanda maƙwabci ya kai ƙara don tsohuwar gaba ta gona ko ta aure. Da yawa ba su fito da rai ba.

Wanda ya rufe ƙofar ƙuri'a yana da babban kaso na alhakin wannan jini. Amma shugaban da ya tura samari da ƴan bindigogi kaɗan gaban gwamnati mai goyon bayan Faransa, shi ma yana da nasa. Waɗanda suka biya bashin su ne talakawan da aka ce za a kawo ma sawaba.

KOMOWA GIDA

A 1966 soja suka kifar da Nkuruma, Sawaba ta rasa babban bango. Jibo ya zauna Gine. Ran 15 ga Afrilu 1974, ƙasa na cikin yunwar fari, Seni Kunce ya kifar da Jori, ya saki fursunonin siyasa, ya bar ƴan gudun hijira su komo bisa sharaɗin ba siyasa. Jibo ya komo bayan shekara 15 a waje. A 1975 aka zarge shi da shirin juyin mulki, aka kama shi, ya yi shekaru a tsare. Shi da Jori, ƴan ƙauye ɗaya, suka zama fursunonin gwamnati ɗaya. Abdullahi Mamani, tsohon depiten Sawaba na Damagaram wanda ya rubuta littafin Sarauniya, shi ma ya sha kaso a wannan zamani.

Allah ya ja kwanan Jibo har ya ga abin da ya nema tun yana saurayi ya komo. A 1991 aka yi babban taron ƙasa a Yamai, aka buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa. A 1992 ya fitar da littafin tarihin gwagwarmayarsa da Faransanci. A zaɓen shugaban ƙasa na 1993 ya tsaya takara yana da shekara 70 da ɗoriya. Zamani ya wuce, Sawaba ta rabu biyu, yawancin masu zaɓe ba a haife su ba a 1958. Bai kai 2 cikin 100 ba, Mahamman Usman ya ci. Mutumin da ya taɓa riƙe gwamnati, ya taɓa aika mayaƙa, ya ƙare rayuwarsa ta siyasa yana neman ƙuri'a kamar kowa, ya samu kaɗan, ya koma gida. A ganinmu wannan na cikin abubuwan da suka fi dacewa a gaya ma yara game da shi. Ya rasu bayan shekara 5.

ABIN DA YA SHAFE MU

Sunan titi abu ne mai kyau, amma in muka tuna no ɗin 1958 kaɗai, mun ɗauki dutse ɗaya mun bar biyu. Ƙasa tana iya sallamar baƙo, manomi kuma ya ci gaba da sayar da wakensa da albasarsa da arha lokacin kaka, ya sayi hatsi da tsada lokacin bazara. Tana iya samun tuta da take, talaka kuma ya rasa inda zai ce bai yarda ba. Tarihin Jibo ya nuna yadda ukun suke riƙe da juna. An iya karya maganarsa ta waje ne don an taɓa akwatin zaɓe, da aka rufe akwatin kuma talaka ya rasa mai tsaya masa.

Mu ba gwamnati ba ne, amma muna da ƙaramar gwamnatinmu, ita ce wannan ƙungiya. Muna da asusu wanda ƴan ci-rani ke zuba guminsu a ciki don rijiya, da ajin lakwal, da kai marar lafiya asibiti. Muna roƙon a riƙa karanta lissafin asusun da Hausa gaban kowa a kowane taro, shiga da fita, don wanda bai yi lakwal ba ya san inda dalarsa ta tafi. Muna roƙon a riƙa sabunta biro da ƙuri'a in wa'adinsa ya cika, waɗanda ke ƙidaya kuma kada su kasance cikin masu takara. Mata sun samu ƙuri'a a ƙasar nan tun 1956, bai kamata a ce a taron gari suna bayan zana suna jiran a gaya masu abin da aka yanke ba. Wanda ra'ayinsa ya sha kaye a yau, a bar masa wurin zamansa da bakinsa, don gobe ana iya bukatar maganarsa. Ƴan'uwa da ke ƙasashen maƙwabta kuma, ku zauna lafiya da masu masaukinku, ku riƙe takardunku daidai, ku shiga ƙungiyoyin sana'arku. Zumuncin ƙasashe da Jibo ya yi fata, ku ne kuke ɗauke da shi kullum a tasha da kasuwa.

Dattawan da suka ga zamanin raƙumi da giwa da idonsu sun yi ƙaranci. Muna roƙon waɗanda Allah ya bar mana, ko wane ɓangare gidansu ya bi, su zaunar da jikokinsu su ba su labari, mai iya rubutu ya rubuta ya aiko ma biro, mu buga a fitowa ta gaba in sun yarda.

Allah ya jiƙan Jibo Bakari, ya jiƙan Jori Hamani, ya jiƙan duk waɗanda suka rasa rayukansu a wancan rikici, na kowane ɓangare. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya komo da matafiya gida lafiya. Amin.